Duwatsun Bi Kazija

Kazija binti Pandu ta girme ni da shekara biyu, amma har ta koma ga Allah ba ta yarda an faɗi haka a gaban mutane ba. Ƙofar gidanta na kallon tawa a ƙauyenmu, nan gabashin tsibirin Unguja. Aure uku ta yi, kuma duka ukun ita ta tattara kayanta ta fito, ta ce a cikinsu ba ta ga wanda ya kai igiyarta ƙwari ba. Ba ta haihu ba. Tufkar igiyar kwakwa ita ce sana'arta tun tana da haƙoran nono.

Idan teku ta janye sai ta sauka da ɓawon kwakwa a ka, ta tona rami can cikin yashi mai laka, ta binne, ta tara duwatsu a bisa don kada ruwa ya tafi da shi. Wasu matan wata shida suke tonewa. Kazija daga wannan azumi sai wancan. A lokacin ɓawon ya ruɓe ya yi baƙi, warinsa kuwa sai mai ƙarfin hali. A buge shi da kulki, a wanke, a shanya, sannan a murza zaren a cinya. Cinyarta ta dama ta yi kanta kamar tafin ƙafa.

Tulin duwatsunta bakwai ne. Na uwarta ne, uwar ma gada ta yi. Ba rubutu, ba alama, kowace mace ta san nata. A garin nan an saci kaza, an saci miji, amma ban taɓa jin wadda ta ɗaga dutse ɗaya daga tulin wata ba. Ba wanda ya kafa doka a kai. Abin ne kawai bai taɓa faɗo wa kowa a rai ba.

Ni da ita ne masu wankan gawar mata a unguwarmu. Ranar da Bi Tatu mai soya kifi ta rasu (Bi muke ce wa babbar mace don girmamawa), aka shigo mana da gadon wanka, sai muka ga an sake saƙa shi da shuɗiyar igiyar roba, irin ta kanti. Igiyar kwakwa in ta sha ruwa laushi take yi, ta riƙe jiki. Wannan kuwa santsi gare ta. Baiwar Allah ta yi ta zame mana muna tarewa, kuma da muka juya ta duk bayanta ya yi shata.

A hanyar gida Kazija ta ce, "Miza, kin ga abin da na gani?"

"Da idona na zo, shoga ƙawata."

"Kamar an ɗaure akuya za a kai kasuwa. Shekara sittin ina tufka, sannan a kwantar da ni a kan wannan? Wallahi ba za a yi ba. Gadona ni zan saƙa, da igiyata, daga ramukan uwata."

"To ki yi sauri, don na ga kin fara wari-warin tafiya."

"Ke zan fara wankewa, mai bakin reza."

Ana gama sallar azumi ta zaɓi ɓawon da ya fi kauri, ta cika ramukan bakwai. Ta ce ko sarkin duniya ne ya zo saye ba na sayarwa ba ne.

Bayan wata biyu otal ɗin da aka daɗe ana ginawa ya buɗe. Muka wayi gari katanga ta rufe hanyar da muke bi zuwa teku, da maigadi ɗan ƙetare wanda bai san sunan kowa ba. Famfon unguwa ya koma tari, iska kawai yake fitarwa. A bayan katangar kuwa an cika wani ƙaton kududdufi da ruwan daɗi, don mutanen da suka ƙetaro duniya saboda teku su yi iyo a ciki, ga tekun a gabansu. Mai son zuwa wurin duwatsu yanzu sai ta zagaya ta bayan maƙabarta, tafiyar da gwiwoyin Kazija ba za su iya ba.

Sai ga Vuai, ɗan ƙaninta Kombo. A birni ya taso wurin dangin uwarsa, ya dawo da gemu da farar riga, shi ne mai shirya wa baƙin otal abin kallo. Ya durƙusa ya gaishe ta, yana kiran ta Shangazi, wato gwaggo.

"Shangazi, baƙin nan suna son ganin al'ada."

"Su je su ga ta uwarsu."

"Ki saurare ni. Za ki riƙa shiga ta ƙofa, ba mai tare ki. Sau uku a mako ki tone ɓawo, ki buga, ki murza, su ɗau hoto, shi ke nan."

"Sau uku a mako? Kai ɗan Kombo, ɓawon da ke shekara a ƙasa? Ko rogo ma ba a yi masa haka."

"Ki bar min wannan, Shangazi."

Ba don shilin ɗinsu ta yarda ba. Ƙofar take so.

Wata rana na bi ta don in ga da idona, kuma da ban je ba da duk wanda ya ba ni labari na ce ƙarya yake. An tara wasu duwatsu an shafa musu farin fenti, gefen kujerun da baƙi ke kwanciya, a busasshen yashin da ruwa bai taɓa kaiwa ba. Ɓawo ko shekara goma ya yi a wurin ba zai ruɓe ba. Kazija ta durƙusa ta tona, sai ga zare tas, bugagge, wankakke, wanda aka sayo a buhu daga birni aka binne da safiyar nan. Ta ɗora shi a kututture ta sake bugun abin da aka riga aka buge. Baƙin suka yi tafi. Mata da maza a tsaye a kanta, ƙyallen da ke jikinsu bai isa a rufe bakin tulu ba. Wata doguwa da rana ta dafa ta yi ja kamar jatan lande ta zauna ta gwada murzawa a cinyarta, ta yi ƙara, aka kwashe da dariya.

Na matsa na ce, "Shoga, wannan ai ƙarya ce da rana tsaka."

"Rufe min baki. Dubi can."

Ta nuna da haɓa. Can ƙasa inda ruwa ya janye, ga duwatsunta bakwai a zaune. Kullum in an gama wasan sai ta gangara ta duba su, ta mayar da wanda igiyar ruwa ta ture.

Na ce, "Kin dai gaya wa Vuai naki ne, kuma da kaya a ciki?"

"In gaya masa me? Makaho ne? Duwatsu a tare a bakin teku, wa zai taɓa?"

Na ce haka ne kuma. Ni ma a nan hankalina ya tsaya.

A ƙarshen Sha'aban aka yi mata rasuwa a tsibirin Pemba, ta je ta kwana goma sha biyu. Ta dawo, ran uku ga azumi teku ta yi babbar janyewa da hantsi. Ta ƙwanƙwasa min. Muka ɗauki fartanya da kwanduna, muka shiga ta ƙofar otal, muka gangara.

Babu dutse ko ɗaya. Yashi ne shimfiɗe fari fat har inda ido ya ƙare, kamar an share tsakar gida. Can a ruwa wasu na tsaye a kan alluna, manyan ƙyallaye a sama suna jan su.

Kazija ta dubi hagu, ta dubi dama, ta dubi bishiyar kwakwar da take saitawa da ita. Ta ce, "Miza, ko mun yi ɓatan hanya ne?"

Ni ma na dubi bishiyar, wurin ne. Sai ga Vuai da murmushinsa.

"Ina duwatsun?" in ji ta.

"Au, waɗancan? Wata baƙuwa ce ta taka, ƙafarta ta tsage har aka yi mata ɗinki. Ta rubuta a waya duk duniya ta karanta. Shi ne manaja ya sa tarakta ta kwashe su. Kin san me muka tarar a ƙasa? Wata ƙazanta baƙa ƙirin, mai wari, rami bakwai! Mota biyu aka yi aka kai juji. Ban san wanda ke binne shara a nan ba." Ya juya ya nuna masu farin fentin. "Amma naki ban bari an taɓa ba, Shangazi."

Na ce, "Innalillahi! Vuai, nonon mutum ka sha kuwa?"

"Bi Miza, me na yi?"

Da gaske yake tambaya, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Jikan matar da ta tona waɗannan ramukan, bai san ɓawon kwakwa ba in ya nuna.

Kazija ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba, ita da ke zagin kaza in ta gifta. Ta karɓi sandata ta gangara tana caka yashi, taki ɗaya caka ɗaya. Kwana huɗu tana haka, da azumi a bakinta, cikin rana. Baƙi suka riƙa bin ta a baya suna ɗaukar hoto. Da suka tambayi Vuai me take yi, kunya ta hana shi faɗin gaskiya, ya ce musu wata al'ada ce ta watan azumi. Abin da ta samo duka bai cika tafin hannu biyu ba.

Ba ta ƙara taka ƙofar otal ba. Bayan salla ta lallaɓa ta bayan maƙabarta, ni ina ɗauke mata kaya, muka binne sabon ɓawo rami biyu. A hanyar dawowa sau biyar ta zauna. Ta ce, "Shekara da nisa, Miza." A wata na biyar zazzaɓi ya kwantar da ita, kwana shida ta cika.

Kafin a haɗa ruwa na aika mata gida-gida, duk mai tsohuwar igiyar Kazija ta kawo, ko a ƙuƙƙulla a saƙa gadon. Aka zagaye garin nan kaf. Guga, turken akuya, jiragen masunta, shanyar kaya, duk roba. Na duba nawa gidan, ni mai bakin magana, igiyar gugata shuɗiya ce. Gaba huɗu kawai aka samo, a rufin wani tsohon ɗaki, ana taɓawa tana marmashewa.

A kan robar muka wanke ta. Na ninka zannuwana uku na shimfiɗa mata, na sa mata biyu suka riƙe ta ta kowane gefe har na gama.

Ana tashi daga zaman makoki Vuai ya zo ƙofata, idonsa ja, ya yi ta murza hula.

"Bi Miza, na san ba lokacinsa ba ne. Amma tunda Shangazi ta daina zuwa baƙi ke tambaya. Ke ma kin iya tufka. Sau uku ne kawai a mako."

Na dube shi har ya sunkuyar da kai. Na ce, "Tashi ka bar min ƙofa tun tabaryar nan tana jingine."

Ya tashi. Bai yi mako ba ya samo wata daga ƙetare, mai wanke-wanke ce a kicin ɗin otal, ba ta taɓa ganin ramin ɓawo ba sai a nan. An ɗaura mata zanen kanga, an nuna mata inda za ta tona. Wata maƙwabciyata da ke share musu ɗakuna ta ce min takardar da ake raba wa baƙi an riga an buga ta da yawa, ba a so a yi asara, don haka sunan Bi Kazija matar take amsawa.