Jiƙaƙƙen Buhun Tanimu

Shagona na ɗinki manne yake da na Tanimu a unguwar Zariya ta Maraɗi, bango ɗaya ya raba mu, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba. Mutumin nan tun yana yaro a Jiratawa bai taɓa ganin abu yana tafiya daidai ya ƙyale shi ba. Injin ban-ruwan babansa ya fara murɗewa, wai ruwa ba ya zuba da sauri. Inji ya tofa baƙin hayaƙi ya mutu ana tsakiyar renon albasa. Da ya shigo Maraɗi ya kama kabu-kabu, sai da ya sa aka buɗe wa babur ɗin ciki don ya ƙara gudu. Haƙoransa na gaba a hanyar Tsibiri ya baro su.

To, wannan ne fa ya wayi gari da kyamara da ordinata, wato kwamfuta, ya kafa allo wai mai ɗaukar biki da haɗa fim. Har da su gilashi a fuska, alhali idonsa lafiya lau.

A cikin ordinatar akwai wani ƙarfe mai fanka biyu da ake kira katin hoto, shi ke zana duk abin da ke fitowa a allo. Ni tela ne, ina ruwana? Amma Tanimu ya cika mini kunne har na haddace. Katin yana da memuwa tasa, wato inda yake aza hotuna kafin ya sarrafa su, kuma akwai iyakar saurin da maƙera suka yanka mata. Sai gogan ya gani a waya cewa ana iya jan wani ɗan maɓalli a ƙara saurin. Shi ke nan, an sake ba shi babur.

"Kawu Hamidu, zo ka gani! Na sake ƙara mata wuta!"

"To, aikin ya ƙare da wuri?"

"Kaɗan."

Kaɗan ɗin nan, in ka bincika, bai kai a sha shayin fari ba. Amma lambar da ke kan allo ta hau, kuma shi lambar yake so. Inda ya koyo abin, shi da bakinsa ya faɗa mini, an ce a ƙara kaɗan-kaɗan, in aka ga ɗige-ɗige a hoto a koma baya, don memuwar ta fara zubar da abin da aka ɗora mata. Ɗige-ɗigen suka fito, kore da ja, suna wulgawa. Ya ce datti ne a allon, ya sa gefen riga ya goge.

Da bazara ta kama, ordinatar ta riƙa huci kamar tanderun mai burodi. Kun san yadda muke naɗe jarka da jiƙaƙƙen buhu don ruwa ya yi sanyi? Wallahi haka ya yi mata. Ya tsoma buhun gero a bokiti, ya matse, ya lulluɓe ta ruf, har kafofin da take shan iska. Na ce, "Kai Tanimu, jarka ce?" Ya ce ai Turawan da suka ƙera ta ba su san zafin Maraɗi ba. Na koma kan kekena, don in na ƙara magana zagi zai fito.

Cikin wannan bazarar aka kira shi Tsibiri ɗaukar bikin Salima, ɗiyar Malam Idirisa da Tsahara. Malam Idirisa dattijo ne da bai yarda da hoto ba, ko waya ka ɗaga sai ya kau da kai. Ga shi yana jinya, ga shi Agadas za a kai amarya. Salima ta yi ta kuka tana roƙo, har ya yarda aka fito da shi bakin zaure a kan tabarma, ya dafa kanta ya sa mata albarka a gaban kyamara. Sau ɗayan nan ne a duk rayuwarsa. Kafin ruwan shuka ya sauka Allah ya karɓi abinsa.

Tanimu ya haɗa fim ɗin da katinsa a ƙure, buhu na ɗiga. Yana gamawa ya juye a kile, ɗan filas ɗin nan na ajiya, ya share asalin ɗaukar daga kyamara da ordinata duka, saboda yana da wani biki yana son fili. Bai kalla ba. Ko minti ɗaya bai kalla ba! Ya ce mini ƙwararre ba ya duba aikinsa.

Bayan Tsahara ta fita takaba ta hau mota ta zo karɓar fim ɗin. Na ba ta bencina ta zauna, Tanimu ya juyo mata da allon yana ta washe giɓi. Farkon fim ɗin da dama-dama: mata, kwanuka, ɗan ɗigo nan da can. Amma ashe ranar da yake haɗa fim ɗin, kafin aikin ya kai kan dattijon, kati ya riga ya dafu a cikin buhu. Tabarma ta fito, farar riga ta fito, hannu ya fito a kan Salima. Daga wuya zuwa hula kuwa, sai tarin ƴan murabba'ai kore da ja suna rawa, har ƙarshen addu'ar.

"Mene ne wanga a huskarsa, ɗana?"

"Ƴar matsala ce, Inna."

"To, nuna mini wanda babu matsalar."

Ya sosa ƙeya. Ya kalle ni, na kau da kai. Raina ya ɓaci. Sai shashashan ya buɗe baki ya ce, "Amma Inna, kin ji muryar ta fita tas."

Ba ta zage shi ba, ni da ta zage shi ma da na ji sanyi. Ta ce ya mayar baya. Ya mayar. Ta rufe ido ta saurari mijinta yana cewa Allah ya ba da zaman lafiya, Allah ya raba ki da abin kunya. Da ya ƙare ta karɓi kilen ta ƙulle a bakin zane, ta miƙe da ƙyar.

"Malam Hamidu," ta ce, "yarinyar nan ciki gare ta. Ta ce in aika mata, in ta haihu ta nuna wa ɗan kakansa. Me zan ce mata?"

Na raka ta bakin titi, na tare mata kabu-kabu, na ce ya tafi da ita tasha a hankali. Da na dawo na tarar da Tanimu tsugune gaban bokiti, yana sake jiƙa buhun.