Gyaran Muryar da Ya Kayar da Ɗiyata

A lokacin da abin nan ya faru ina koyarwa a wata ƙaramar lakkol ta ƙauye cikin yankin Karofane, shekarata tara ke nan ina riƙe da ajin ƙarshe na firamare. Mutanen gari mushe suke ce mini, wato malamin boko, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina jin daɗin sunan fiye da yadda ya kamata. 'Ya'yana huɗu, amma idona yana kan ta biyu, wadda tun tana aji uku take gyara wa yayanta lissafi. Da na ji labarin jarrabawar shiga makarantar haziƙai ta kwana, wadda yara ƙalilan ake ɗauka daga jiha guda, sai na yanke a raina cewa ɗiyata za ta shiga. Dama ɗaya ce gare ta, domin in shekara ta zagayo shekarunta sun wuce ƙa'ida. Ban tambaye ta ko tana so ba. Na dai gaya mata, ta ce to.

Ana gama girbin gero muka soma. Kullum bayan la'asar sai a shimfiɗa tabarma ƙarƙashin rumfar kara, ita tana zaune da littafi, ni ina bisa kujera ina leƙen abin da take rubutawa. Na cire ta daga ɗebo ruwa da daka, uwarta ta yi ƙorafi har ta gaji ta bari. Matan maƙwabta in sun shigo aron turmi sai su gaishe ta da minista, tana sunkuyar da kai, ni kuwa ina murmushi kamar an riga an naɗa ta. Ban taɓa ɗaga mata hannu ba, kuma da wannan nake cika baki a gaban abokan aiki. Nakan ce musu ni ba na koyarwa da bulala, ba na kuma ba yaro amsa, barinsa nake ya gano kuskurensa da kansa. Abin da nake gani ke nan: in ta kauce, kafin ta kai ƙarshen layi sai ta tsaya, ta soke, ta sake. Na ɗauka tsabar basira ce. Wata takwas ban bar ta ta yi aiki ko guda ita kaɗai ba. In aka kira ni wurin suna ko jana'iza, sai in ce ta rufe littafin har in dawo, don kada hannunta ya saba da kuskure.

Jarrabawar ta faɗo daidai da ruwan shuka. Gari duk ya watse gona, mu muka hau mota zuwa Tawa. Na zauna ƙarƙashin dogon yaro tare da sauran iyaye, ina ba su shawarar da ba su tambaye ni ba. Da ta fito daga lissafi, abin da ta fi ƙwarewa a kai, sai ta ce mini ba ta gama ba. Da yake akwai mutane, sai kawai na ce ta zo mu tafi. Da sakamako ya fito babu sunanta, sai na faɗi abin da na tara. Na ce ta ba ni kunya, na ce na ɓata wata takwas a kan wadda ba ta da zuciya, na ce da na sani da na bar ta wurin turmi. Ba ta yi kuka a gabana ba. Daga ranar magana ta ragu tsakaninmu, sai gaisuwar safe.

Ana cikin noma na biyu, wata rana ina neman alli a jakarta, sai na ci karo da wata takarda a ninke. Ita ce takardar gwaji da ake ba yara su fara aiki a kai kafin su kwafe a ta gaskiya wadda ake karɓa. Na zauna na bi ta layi layi. Amsar farko ta kowace tambaya daidai take, amma an soke ta, an sake wata hanya, an soke, wata har sau huɗu. A takardar gwaji lokacinta ya ƙare. Na kira ta na tambaye ta dalili. Ta ce dattijon da ke tsaron ɗakin yana ta zagayawa yana gyaran murya, duk sa'ad da ya yi gyaran muryar kusa da ita sai ta san ta yi kuskure. Na ce wataƙila mura ke damun bawan Allah, me ya haɗa maƙogwaronsa da lissafinta. Ta dube ni da mamaki, ta ce ai haka nake yi mata kullum. Na musa. Uwarta daga bakin murhu ta ce in daina musu, ita kanta da ba ta taɓa shiga aji ba, daga inda take ta san lokacin da yarinyar ta kuskure, domin sai na yi gyaran murya.

Wallahi ban san ina yi ba. Na yi zaton ina koya mata lissafi, ashe koya mata nake ta saurare ni. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, kuma har yau ba ta sake ni ba.

Ta shiga kolejin gwamnati a Buza kamar sauran yara, tana kuma cin jarrabawarta ba laifi. Sai dai malamanta suna gaya mini ba ta ɗaga hannu a aji, kuma ba ta miƙa takarda sai ta leƙa ta maƙwabciyarta, ko da ita ce ke da gaskiya.

Ina rubuto wannan ne saboda iyaye da malamai masu shirya yara irin wannan jarrabawa. Na san da kyakkyawar niyya kuke yi, ni ma da ita na yi. Amma ku ba yaro aiki ku tashi ku ba shi wuri. Ku bar shi ya kuskure har ƙarshen shafi, ya sa hannu a kan abin da kansa ya ba shi, sannan ku duba. Ranar jarrabawa ba ku shiga ɗakin tare da shi, kuma abin da kuka saba masa da shi zai nema. Rasa makarantar ba shi ne ya fi damuna ba yanzu. Sau uku ina zaunar da ɗiyata ina gaya mata laifina ne, amsoshinta daidai suke, ga takardar ta gani. Kowane karo sai ta saurare ni da ladabi har in gama, sannan ta ce in daina ɗora wa kaina, na yi iyakar ƙoƙarina, ita ce dai kanta bai kai ba.