Sunan Mutumin Madina

Shekara arba'in da 'yan kai niy yi gidan mijina, mahauci a Ƙofar Marke, kuma har anka kai shi makwancinai bakina bai taɓa kama sunanai ba. Haka ɗana na fari. Yanzu ya yi furfura, shina da rumfunan nama, amma in ina son ganinai sai in ce a kira mini babban. Mace ba ta kiran sunan mijinta, ba ta kiran na ɗan farinta. Ba wanda yaz zamnar da ni yag gaya mini haka. Ga uwata nig gani.

Shekara shida bayan rasuwar maigidan, 'ya'ya sunka kai ni Umra. A Madina ƙafata tak kumbura, nit tsaya ƙofar wani shagon dabino. Wani tsoho yaf fito da kujera yac ce, "Zamna, baiwar Allah," da irin Hausar da tun rasuwar kakata ban ƙara jin ta ba. Ɗan Sudan ne a takarda. Kakanai ya baro Sakkwato da ƙasa za shi aikin Hajji, yat tsaya Sudan hutawa, har yau zuri'ar ba ta gama hutawa ba. Shi kuma neman abinci yak kawo shi Madina. Matatai ta rasu. Duk wannga ya gaya mini kafin ƙafar ta sace.

Da nid dawo gida, kullum bayan la'asar sai waya ta yi ƙara, tsohon nan ne, don ya amshi lambata. Da farko sunanai nake kira awa na kowane mai shago. In ce wa 'ya'ya wane ya ce a gaishe ku, wane ya ce dabinon bana bai yi auki ba. Ban san ranar da sunan yad daina fita ba. Kawai nij ji kaina ina cewa mutumin Madina, kuma ban tsaya bincike ba.

Cikin shekara ta biyu yac ce shina son zuwa Sakkwato ya ziyarci Hubbare, ya ga garin kakanai.

"Hubbare na nan," nic ce.

"Kuma gwiwata ba ta da sauran shekaru da yawa, Hajiya."

"To ka taho da ita tun tana tashi."

Ashe mutum ba ya tahowa garin kakanai haka nan, sai da biza. Kuma bizar na son takardar gayyata daga wanda za ya sauke shi. Ɗiyata ta biyu, malamar asibiti, wadda bakinta ya fi allurarta tsini, ita tak kai ni wurin wani mai harkar biza, bisa bene kusa da kasuwa. Mutum mai teɓa, da tabarau a goshi.

"Hajiya, sunan baƙon?"

Nim miƙa mai waya, inda hoton fasfon yake. "Ga shi nan, kwafa. Ni ban yi boko ba, kar in ɓata maka."

Yak kwafa. Ɗiyata tad dube ni, nid dubi fanka.

"Mi ke tsakaninku?"

"Kujera ya taɓa ba ni."

"Babu gurbin wannan."

"Sa baƙo."

Yac ce bizar yawon buɗe ido za a nema. Nic ce mutumin ya haura saba'in, idon da bai buɗe a Madina ba ban san mi za ya buɗe shi a Ƙofar Marke ba, amma a rubuta. Nid dangwala yatsa. Muna fita yab bi mu har bakin matakala yac ce, "Hajiya, wani lokaci ofishin jakadanci na kiran mai masauki. In sun kira, abin da anka tambaye ki shi za ki faɗa."

Sun kira wata Talata da hantsi. Ina tsakar gida ina tankaɗen yajin kilishi, babban na zamne bisa turmi shina karin kumallo, matatai na wanki, ɗiyata ta dawo daga aikin dare. Wayata kuwa tun da tat taɓa faɗawa ruwa ba ta magana sai da ƙarfi, duk gida na ji.

Mace ce, Bakanuwa, tun daga sallama nig gane. Ita ma ta gane ni, don sai da tac ce, "Mutanen Sakkwato, ina gajiya." Tat tambayi sunana, nif faɗa. Unguwa, nif faɗa. Ko na gayyaci wani daga Saudiyya, nic ce na gayyata.

"Mene ne sunansa?"

"Shina rubuce gabanki, ɗiyata."

"E, ina gani. Ke nake so ki faɗa."

"Mai sunan limamin unguwarmu ne."

"Hajiya, ni ban san limamin unguwarku ba."

"Mutumin kirki ne, kowa ya san shi."

Tas sake tambaya, har sau uku. Nib ba ta sunan garinsu a Sudan, nib ba ta layin shagonai, nig gaya mata wace gwiwa ke ciwo. Tay yi godiya tak kashe.

Babban ya daina tauna. Matatai na ta cuɗa riga guda tun ɗazu.

"Inna," ɗiyata tac ce, "bara war haka sau goma kike kiran sunan mutumin nan kafin azahar."

"Tsufa ne. Mantuwa."

"Kin manta sunanai, kin tuna gwiwa."

Nic ce ta tashi ta cire kayan asibitin nan, suna warin magani.

Bayan sati biyu mai harkar biza yak kira. An hana. Dalili: mai masauki ba ta san baƙonta ba. Ni da nis san yawan sukarin da yake sa wa shayi.

Ran nan da la'asar waya tay yi ƙara, nig gaya mai an hana, ba tare da na yi bayani ba. Amma takardar ta riga ta kai gare shi, an karanta mai.

"An ce an tambaye ki sunana kin kasa."

"Layin ne ba kyau."

"Kakata ta yi shekara sittin da kakana a Sudan," yac ce. "Ranar da yar rasu, masu rubuta takardar mutuwa sun zo, sai maƙwabciya anka kira ta faɗa musu sunanai."

Nij ji wani can shagonai na tambayar kuɗin dabino da Larabci, bai kula shi ba.

"To, Hajiya," yac ce, "ban taɓa jin daɗin a hana ni abu ba sai yau. Amma ina son in taho."

Washegari babban yas same ni ɗaki, yaz zamna bakin ƙofa, yac cire hula yad duba cikinta. Mutumin da ke kayar da bijimi shi kaɗai.

"Inna, in ya taho, wa za ya tambaya?"

"Tambayar mi?"

"Kawu na Gidan Dahala shi yar rage cikin manya."

"Kawunka ba ya ji."

"Sai a ɗaga murya."

Yam mayar da hula. A bakin ƙofa yac ce, ba tare da ya juyo ba, "Mai bizar ya ce ana iya sake nema. Amma za su sake kira."

Anka sake. Nis sake dangwala yatsa. Kwana goma sha ɗaya ina yawo da waya cikin lalita, ko bayi za ni. Na gwada faɗin sunan ni kaɗai, ina shara, sai ya taho har bayan haƙori ya koma. Nit tambayi kaina, ke da ba a ɗaura miki aure da shi ba, mi ya hana ki? Bakin ya riga ya ɗaura nashi.

Da kiran yaz zo, nik kori kowa zaure, har matar babban da jaririnta. Nis shiga ɗaki nij ja ƙofa. Bakanuwar nan ce dai.

"Hajiya, mun sake haɗuwa. Mene ne sunan baƙonki?"

Nir rufe ido nif faɗa.

"Ban ji ba, Hajiya, muryarki ta yi ƙasa."

Nif faɗa.

"Ki ɗan ɗaga."

Ni ɗiyar masu talla ce, uwata daga Ƙofar Marke take kiran mai sayen fura ya jiyo ta a bakin kasuwa. Nid ɗaga. Tantabarun babban sunka tashi daga kan rufi. Daga zaure nij ji an yi tari.

"Da na mahaifinsa."

Nib ba ta, da na kakan ma, kar ta sake kira.

"Na gode," tac ce. Nij ji tana rubutu. Can ƙasa-ƙasa tac ce, "Allah ya sanya alheri, Hajiya."

Da nif fito ba wanda yad dube ni. Kowa ya samu aikin yi. Ɗiyata na share wurin da anka share da safe.

Kwana talatin anka ba shi. Babban yat tahi filin jirgi yad ɗauko shi, yas sauke shi gidan Kawu, don ba a sauke irin wannga baƙo gidan mace. Da la'asar anka kawo shi gaisuwa. Ya rame kaɗan, da sanda, da kwalin dabino. Anka shimfiɗa mai tabarma a zaure, niz zamna nesa, 'ya'ya sunka gaishe shi sunka watse zuwa bayan ƙofa.

Munka gaisa, gajiya, hanya, mutanen Madina. Yas sha ruwa.

"An ce kin faɗa," yac ce. "An ce har maƙwabta sun ji."

"An ce."

"Ni kaɗai ban ji ba. Sake faɗa."

"Wancan na gwamnati ne," nic ce. "In kana son ji, ka koma ka nemi wata biza."