Karyayyar Doya

Shekarar da na ajiye alli, bayan na gaji da koyar da 'ya'yan mutane a firamare, 'yar ƙanena ta zo mini da shawara. Ta gama karatun aikin gona, ta yi bautar ƙasa, ta dawo Kafanchan tana jiran aikin da ya ƙi zuwa. Ni kuma zaman gida ya ishe ni, har na fara yi wa kaji faɗa. Marasa aikin yi biyu muka haɗu.

"Anti, kin taɓa tsayawa kin ga yadda doya yana lalacewa a kasuwa?" in ji ta.

Na gani mana. Daga wajen Kagoma ake ɗauro doya a bayan babur, a bi hanyar da ramukanta suka fi kwaltarta yawa. Kafin a sauke, wasu sun karye, wasu sun ƙuje. Doya kuwa da ta karye, kwana biyu ko uku ta fara baƙi, mai saye ba ya ko kallonta. Sai a tara ta a kusurwa a bayan rumfa.

Shawarar yarinyar ita ce mu riƙa sayen karyayyar da araha, mu fere, mu yanka, mu tsoma a ruwan zafi, mu shanya, mu niƙa. Garin mu ƙulla shi a ƙananan ledoji, yadda mai ƙaramin ƙarfi zai iya saye ya tuƙa tuwon dare. Ta ce mai doya ya samu, mu mun samu, talaka ya ci. Ni mace ce da ba ta iya ganin ƙwayar hatsi a ƙasa ta wuce, har ɗalibaina sun san ni da wannan. Ban bari ta kai ƙarshen maganar ba na ɗauki gyalena.

Muka je wurin wani Alhaji, babban dilan doya, wanda kakansa ya zauna a garin tun zamanin da jirgin ƙasa ke tashe. 'Ya'yansa huɗu sun bi ta ajina. Na yi masa bayani, ya saurara har ƙarshe.

"Duka za ki kwashe, Malama?"

"Duka, Alhaji."

Ya waiwaya ya kalli kusurwar, ya shafa gemu. Na ɗauka ciniki yake ja, irin na 'yan kasuwa, sai na ƙara masa farashi. Ya sake kallon kusurwar ya ce, "To." Da sauran masu rumfa suka ji, su ma suka ce to.

Abin ya karɓu fiye da yadda muka zata. Tsakar gidana ta cika da shanya, muka ɗauki mata biyu masu fera. Matan unguwa suna zuwa da yamma su sayi ƙulli ɗaya ko biyu, wata ta ce mini rabon 'ya'yanta da tuwon doya tun bikin Kirsimeti. Fasto ya ambace mu a wa'azi, ya ce ga yadda ake riƙon amanar abin da Ubangiji ya bayar. Na sunkuyar da kai kamar mai jin kunya, amma a cikina daɗi nake ji, ba zan ɓoye ba.

Akwai wata tsohuwa a cocinmu da kowa ke kira Mama. Gwauruwa ce, ita kaɗai take zaune a wani ɗaki kusa da layin dogo, kuma a bencin baya take zama ranar Lahadi. Shekara da shekaru ina ganinta da yamma tana sharar rumfunan doya, na ɗauka hukumar kasuwa ce ta ɗauke ta aiki. Wata ranar kasuwa na je kwasar kayanmu, na tarar da ita tana shara, kwandonta a gefe babu komai ciki. Ta gama, ta kife kwandon a ka, ta gaishe ni ta wuce. Na lura zanenta ya yi mata yawa a ƙugu.

Na tambayi Alhaji ko ba a biyanta ne.

"Wa zai biya ta? Ba wanda ya ɗauke ta aiki," ya ce. "Tun zamanin mahaifina haka ake yi. Tsofaffi su zo da tsintsiya su share rumfa, abin da ke kusurwa su zuba a kwando su tafi. Mu ba ma cewa ga shi, su ba sa cewa an gode."

Nan take haushi ya taso mini, don ni haushi ne ke fara zuwa mini kafin hankali.

"Shi ne ba ka faɗa mini ba, Alhaji?"

"Na tambaye ki ko duka, kika ce duka. Kuma Malama, abin nan ba a faɗinsa. Ranar da aka faɗa, ya zama bara." Sai ya ƙara da cewa, "Kuɗin ma ina so, ba zan yi miki ƙarya ba."

Na koma gida na sauke wa 'yar ƙanena haushina. Ita ma ba ta raga mini ba.

"Anti, kwando nawa tsofaffin nan suna iya ɗauka? Sauran fa? Ba ruɓewa yana yi ba? Yanzu gida nawa ne suna ci daga wannan doya? Mu rufe bizines saboda kwando ɗaya?"

Gaskiya ta faɗa, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Da idona na sha ganin tulin doya yana wari, ƙuda na bi. Da idona kuma na ga kwandon Mama. Na yi shekaru ina gaya wa yara cewa kowace tambaya tana da amsa ɗaya, sai ga ni a tsakar gidana, tsakanin tabarmin shanya, na rasa wanda zan ba gaskiya.

Na ce to, abu mai sauƙi ne. Na roƙi Alhaji ya riƙa barin cikin kwando ɗaya a kusurwa kamar da, ya amince nan take, har kamar na sauke masa kaya. Ranar kasuwa ta gaba na laɓe a rumfar mai manja ina kallo, ni da girmana. Mama ta zo ta share rumfar tas. Da ta iso kusurwar sai ta zagaye doyar da tsintsiya, ta share ƙurar da ke gefenta, ta bar ta a wurin.

Na fito na tare ta. "Mama, ba ki ga doya ba?"

"Na gani, 'yata. Amma yanzu shi kaya ne mai kuɗi. Dukan kasuwa sun sani. In na ɗauka, sata ne."

"Ai an bar miki ne."

"Wa ya bar mini?"

In na ce ni ce, ya zama sadaka. In na ce ba kowa, ta san ƙarya nake. Ta jira ni kaɗan, sai ta gyara kwandonta ta tafi.

Muka gwada ba ta aikin fera. Hannunta na rawa, ranar farko ta yanke yatsa, ba ta sake dawowa ba. 'Yar ƙanena ta ce mu riƙa ba ta kuɗin shara, Alhaji ya ce in aka fara biyanta, gobe masu ƙarfi za su zo su karɓe tsintsiyar. Duk ƙofar da na taɓa sai in tarar ni ce na rufe ta da hannuna, kuma har a lokacin ban ga inda na yi mugun abu ba.

Ƙarshe na ajiye dabara. Wata Juma'a na auna gari mudu uku a farar leda, na ɗaure bakin da jan ƙyalle don ƙullin ya ƙi zama, na kai mata har ɗaki. Murhunta a sanyaye yake. Ta karɓa da hannu biyu, ta sa mini albarka, ta yi addu'a Ubangiji ya ƙara wa sana'armu kasuwa. Na dawo gida da sauƙi a zuciya, na ce ko ba komai za ta ci tuwo na mako guda.

Lahadin nan ita ce ranar godiyar girbi. Kowa yakan kawo abin da Allah ya ba shi a shekara, a taka rawa a kai gaban bagade, bayan sujada a yi gwanjonsa. Masu doya suka wuce, masu citta, masu kaji. Da aka kira zumuntar mata muka tashi da waƙa, sai na hango Mama ta fito daga bencin baya tana takawa a hankali, da farar leda a kanta. Jan ƙyallen yana nan yadda na ɗaure shi.

Ban sani ba ko magana take gaya mini, ko kuwa ba ta da wani abin kawowa ne, kuma ba ta yarda ta zo gaban Ubangiji hannu wofi ba. Ta zo daidai inda nake ta yi mini murmushi, irin wanda take yi wa kowa.

Da aka zo gwanjo, mai shela ya ɗaga ledar ya ce, "Garin doya mai kyau, wa zai saya?" 'Yar ƙanena ta taɓa ni da gwiwar hannu. Na kalli bencin baya, Mama tana zaune ta ɗora hannuwa a cinya tana jira ta ji yadda baikon da ta kawo wa Ubangiji zai yi daraja. Na ɗaga hannu na saya.