Malam Ari Hizbullahi da Rijiyar Jumai

Haihuwa da Nasaba

An haifi Malam Ari Hizbullahi a garin Lafia a shekarar 1958. Mahaifinsa, Malam Hizbullahi, ɗan kasuwar doya ne daga zuriyar Barebarin da suka daɗe da zama a garin. Mahaifiyarsa, Jumai, ta ƙarar da ƙuruciyarta wajen jigilar ruwa daga rafi har wuyanta ya sage, don haka Ari ya tashi yana ganin gammo a kanta fiye da ɗankwali.

Neman Ilimi

Bayan ya sauke Alƙur'ani, ya yi firamare a Lafia, ya yi sakandare a Keffi, sannan a shekarar 1978 ya samu gurbi a jami'a a Zariya, inda ya karanci ilimin duwatsu da ma'adanai. Dangi sun daɗe suna yi masa tsiya cewa sa'o'insa sun tafi sun dawo likitoci da alƙalai, shi kuwa ya dawo da tsakuwa a aljihu. Bai taɓa mayar musu da martani ba, domin tun yana yaro ba shi da gaggawa, ko a magana ko a tafiya.

Aiki

A shekarar 1984 wani kamfanin haƙar mai ya ɗauke shi aiki a Fatakwal. Aikinsa shi ne yanka guntayen dutsen yashi da ake cirowa daga ƙarƙashin ƙasa, ya auna yadda ruwa da mai suke ratsa su. Dutsen yashi, kamar yadda yake bayani, ba curarre ba ne; tsakanin ƙwayoyinsa akwai 'yan kafofi da ido ba ya gani, a jikin kafofin kuma akwai laka mai laushi kamar gari, tana manne ba ta damun kowa. Idan aka ja ruwa ko mai a hankali, sai ta zauna inda take. Idan aka ja da ƙarfi, sai ta ɓamɓaro ta bi ruwan, ta je inda kafar ta tsuke ta cunkushe, kamar jama'a a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a. Daga nan rijiya ta shaƙe, alhali arzikinta yana nan a ƙasa.

Shekara talatin yana nanata wannan bayani ga manyansa. Su kan yaba, su yi godiya, gobe su ƙara wa injin ƙarfi. Abin da ya taso da shi daga wannan aiki shi ne gajiya, da wani busasshen tari da ƙurar yankan dutse ta bar masa.

Aure da Iyali

A shekarar 1987 ya auri Juwairiya, malamar makaranta daga Agyaragu, wadda ta zauna a Lafia tana renon 'ya'ya da kuma jinyar surukarta har rasuwar tsohuwar a shekarar 2001.

Rijiyar Akurba

Shekara biyu bayan wannan rashi, Malam Ari ya haƙa rijiyar burtsatse a ƙofar gidansa da ke unguwar Akurba a Lafia, ya mayar da ita sadaka mai gudana don ladan ya isa ga mahaifiyarsa. Wannan rijiya ita ce abu guda da ya ɗauka a matsayin nasa a duniya, kuma burinsa bai wuce ta rayu bayansa ba. Ya saka mata ƙaramin inji da tanki, ya sharɗanta cewa a ja da safe, a bar ta ta huta, a ja da yamma.

Jama'a ba su gane ba, kuma ba su nemi ganewa ba. Jarkoki su kan yi layi har bakin titi, Fulani su tsaya da shanu a rana, mata su yi ta mita. Wata ta taɓa ce masa, "Baba, ruwa ne fa, ba turare ba!" Ya ce mata, "'Yata, mai haƙuri ya kan dafa dutse." Har ya yi ritaya ya dawo gida a shekarar 2014, a gabansa ana ce masa Malam A-Hankali, a bayan idonsa kuma marowaci.

Jinya da Shaƙewar Rijiya

A bazarar 2022 tarin ya kwantar da shi, aka kai shi asibiti a Jos. Likita ya fara yi masa bayanin yadda ƙurar dutse take toshe kafofin huhu, Malam Ari ya ɗaga masa hannu, ya ce ya san ƙarshen labarin.

A wannan lokaci ne babban ɗansa, Imran, wanda ya gaji da jin ana aibata mahaifinsa, ya cire ƙaramin injin ya saka babba, ya bar shi yana aiki daga safe har faɗuwar rana. Da kyakkyawar niyya ya yi, Allah ne shaida. Unguwa ta sa masa albarka, aka ce ɗa ya fi uba hannu. Kafin damina ta sauka ruwan ya fara fitowa fari kamar ruwan wankin gero, sannan ya ragu, sannan ya ɗauke.

Da Malam Ari ya dawo, bai yi faɗa ba, kuma Imran ya sha faɗin cewa da duka ya fi masa sauƙi. Ya sa aka kira Tersugh, wanda ya haƙa rijiyar tun farko, suka yi ta tura ruwa da iska ciki ko lakar ta saki. Tersugh ya ce da gurguwar Hausarsa, "Oga, rijiya bai mutu ba. Ya shaƙe ne, amma da sauran rai." Aka mayar da ƙaramin injin, amma abin da take bayarwa bai wuce ɗigo ba, jama'a kuwa suka koma wurin 'yan garuwa. Ya kan zauna a gindin tankin yana jan numfashi da ƙyar, yana sauraron ɗigon. Baƙin cikinsa a fili yake, yana ganin sadakar mahaifiyarsa ta riga shi tafiya.

Rasuwa da Jana'iza

Allah ya yi wa Malam Ari Hizbullahi rasuwa da safiyar wata Laraba a watan Maris na 2024, yana da shekara sittin da shida. Wasiyyarsa ɗaya ce, kada a yi masa wanka sai da ruwan rijiyar Jumai. Liman ya tunatar cewa ba a jinkirta gawa, 'yan garuwa suka kawo ruwa kyauta, amma Malama Juwairiya ta aiko daga ciki cewa a cika masa wasiyyarsa. Imran ya durƙusa ya tara bokiti a bakin famfo. Aka yi azahar ana jira. Waɗanda suka yi shekaru suna gunaguni a wannan layi suka zauna a rana suna kallon ɗigon, ba wanda ya ce a ƙara wa injin ƙarfi. Sai bayan la'asar ruwan ya isa, aka yi masa sutura, aka sallace shi, aka kai shi makwancinsa.

Ya rasu ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: Imran, da Na'ima, da Adawiyya, da Safiyullahi. Ya kuma bar rijiyar, wadda har yau take ba da bokiti kaɗan kowace rana ga wanda ya iya jira. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Jumai.