Kabarin Gindin Aduwa

Shekara uku ko huɗu da samun mulkin kai, wata babbar mota, kamiyo, ta zo ƙauyenmu daga Agadas, ta sauke mutane da igiyar awo da turakun ƙarfe. Aka ce gwamnati za ta gina wa ma'aikata gidajen siminti a filin da ke bayan garkunanmu. Nan awakinmu ke kiwo, nan ayari ke sauka, don haka mazan gari suka ce ba su yarda ba. Masu awo na kafa turaku, suna juya baya ana tumɓukewa, har maƙerinmu ya samu ƙarfen fartanya na shekara biyu.

Ni ba awaki ne suka dame ni ba. Ɗana na fari yana kwance a filin, gindin wata aduwa. Ya rasu yana da wata bakwai, ranar da ruwa ya sauko daga duwatsu, kori, rafin da ke gefen gari, ya cika ya batse, babu mai iya haurawa zuwa maƙabarta. Maigidana da liman suka rufe shi nan, suka ɗora duwatsu uku. Shekara takwas ke nan. Liman ya riga mu gidan gaskiya, maigidana kuma ya bi ayarin gishiri zuwa Bilma, sai bayan wata biyu.

Da rigima ta yi yawa, kumandan mai mulkin yankinmu ya zo da kansa, aka tara mu maza da mata. Ba mugun mutum ba ne, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ya saurari zancen kiwo har ya gaji, sannan tafintansa ya ce, "Ciyawa ana samu ko'ina. Amma in akwai mai mamaci cikin hilin ga, shi tashi shi hwaɗi, mu janye igiya."

A wurinmu uwa ba ta ambatar ɗan fari. Yana raye ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya mutu ba a ganin hawayenta. Ga surukata zaune, gwiwarta na taɓa tawa. Na sunkuyar da kai ina jira ta yi magana, ai jikanta ne. Na sha'afa cewa maigidana shi ma ɗan farinta ne, ba za ta buɗe baki kan abin da ya shafe shi a bainar jama'a ba. Maza kuwa, wa zai tuna jaririn da aka rufe shekara takwas da suka wuce?

Tafinta ya maimaita har sau uku. Babu wanda ya tashi. Aka shafa fatiha aka watse. A hanyar gida na ce, "Inna," ta ce, "Yi shiru, ɗiyata." Na yi kuwa, kuma har yau ban yafe wa kaina ba.

Kafin maigidana ya dawo an sare aduwar. Ya je ya duba, ya dawo ya zauna, bai tambaye ni komai ba.

Gida na uku ne ya hau wurin, aka ba wani malamin lakwal, wato makarantar boko. Na riƙa kai wa matarsa tumatir da albasa ko ba ta aika ba. Da takun ƙafa na auna daga bakin kori, na gane madafinta ne daidai. Kullum a ƙofar madafin nake cire takalmi, in yi sallama a hankali kafin in shiga. Har aka canja musu gari tana gaya wa maƙwabta ba ta taɓa ganin mace mai ladabi irina ba.