Kawu Bitrus da Ƙwan Fitilarsa

Duk wanda ya taɓa kai aikin bugawa shagon Kawu Bitrus, can wajen tashar jirgin ƙasa, ya san ba ya kunna kwamfuta sai ya yi shawara da ƙwan fitilar da ke bakin ƙofa. In an kawo wuta yara suna ihu, shi sai ya fito da tabarau a kan hanci, ya ƙura wa ƙwan ido kamar malami yana kallon ɗalibin da ya makara. In ya yi ja kamar manja, sai ya ce, "Wannan ba wuta ba ce, gaisuwa suka aiko."

Ni 'yar ƙanwarsa ce, a gidansa na zauna ina karatu, don haka na sha kallo.

Wata Asabar Fasto ya zo a gurguje da tsarin bikin aure, wuta kuwa tana rawa. Kawu ya ce ba zai kunna ba.

"Malam, kunna da bangaskiya," in ji Fasto.

"Fasto, wadda ta ƙone bara ma da bangaskiya na kunna ta."

Da hannu aka rubuta tsarin, kuma aure ya ɗauru.

Maƙwabcinsa Alhaji Sani mai walda ne. Da zarar ya fara walda, injinsa ya janye wuta, kwamfutar Kawu sai ta mutu, aiki ya tafi. Kawu bai yi faɗa ba. Tsohuwar ƙararrawar makarantar da ya yi ritaya ya ɗauko. In zai kunna kwamfuta sai ya kaɗa, Alhaji ya ajiye walda, ya zo ya zauna shan shayi.

"Malam, ni fa na gama firamare tuni," Alhaji yakan ce.

"Da ka gama, da ba ka zo da gudu ba."

Ranar da wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona talabijin da firji a layinmu, Kawu ya riga ya zare komai nasa. Ya sa babbar riga, ya bi gida-gida yana gaisuwa: "Yaya haƙuri? Ai marigayiyar ta yi hoto mai kyau." Mama Saratu, matarsa, ta ce ranar kunya ta hana ta zuwa kasuwa.

Sau ɗaya ya karya dokarsa, saboda ni. Aikina na kammala karatu ya kusa wuce lokaci, na yi ta kuka har ya kunna a kan jar wuta. Muna babi na ƙarshe kwamfutar ta ɗauke da aikin duka, ba ta sake tashi ba. Na jira faɗa. Sai ya jawo tsohon tafiretansa daga ƙarƙashin tebur, ya hure ƙura, ya ce, "Rifkatu, share hawaye. Ɗauko rubutun hannunki, karanto mini daga farko." Da yatsu biyu ya buga shi duka, kuma da shi na ci.

Ubangiji ya ba ka hutawa, Kawu. Ya ta'azantar da Mama, ya riƙe mu da ka bari.